Ranar da hannun hagun ƙanina ya ƙi sulhu

Shekarun baya, wata ranar Laraba da ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar na yamma, mu huɗu ne zaune a zauren mai unguwarmu: ni, da ƙanina, da maƙwabcinmu Bafulatani wanda rugarsa ke bakin dajin da ya yi iyaka da gonarmu, sai shi mai unguwar. Na riƙe lokacin ne domin ni mutum ne mai duba agogo. A gidanmu har tsiya ake yi mini, wai ko atishawa na yi sai na duba ƙarfe nawa ta zo.

Sulhu ne ya tara mu. Mako uku kafin ranar, shanun maƙwabcin nan sun kuɓuce sun shiga gefen masararmu da ke hanyar Randagi. Ƙanina ne ya tarar da su. Suka yi cacar baki da mai shanun, har ƙanina ya ɗaga fartanya sama, amma Allah Ya tsare bai sauke ta a kan kowa ba. Duk wanda ya san Birnin Gwari ya san maganar manomi da makiyayi ba a barinta ta kwana biyu a hannun 'yan tsegumi. Ga shi kuma mutumin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin mahaifinmu da mahaifinsa akwai wata al'ada tsakaninmu: da zarar mun gama girbi, sai ya kawo shanunsa su ci kara, su riƙa kwana a cikin gonar har tsawon rani, su bar mana taki. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, kuma ba a taɓa saɓa shi ba. Da wannan takin gonarmu ke rayuwa.

Zaman ya tafi yadda nake son zama ya tafi, wato komai a kan tsari. Mai unguwa ya buɗe da addu'a. Maƙwabcinmu ya karɓi laifi, ya ba da haƙuri. Ni, a matsayina na babba a gandu tun rasuwar mahaifinmu, na ce mun yafe. Aka juya kan ƙanina, shi ma ya ce, "Na yafe har ga Allah, ni ma a yafe mini zafin bakina."

Mai unguwa ya ce, "Madalla. To ku gaisa, mu shafa fatiha."

Maƙwabcinmu ya miƙo hannu. Ƙanina ya miƙa nasa na dama. Saura kaɗan su haɗu, sai hannunsa na hagu ya taso daga kan cinyarsa, ya cafke wuyan hannun daman, ya fizge shi baya.

Ƙanina ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya sake miƙa hannun dama. Wannan karon hagun bai tsaya a kan ɗan'uwansa ba, sai ya wuce ya ture hannun maƙwabcin namu gefe. Da hagu. A gaban mai unguwa. Mu da ko goro ba ma miƙa wa mutum da hagu.

Maƙwabcinmu ya ɗan jima yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ɗauki sandarsa da malafarsa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ka dai gani," in ji shi. "Baki ya yafe, hannu bai yafe ba. Allah Ya ba mu alheri."

Na daure har muka fito muka bar ƙofar gidan mutane. A gindin wata bishiyar mangwaro na tsayar da ƙanina.

"Kai, dube ni. Me ka yi yanzu?"

"Yaya, wallahi ni ma…"

"Ban ce ka rantse ba. Hannun wa ya ture shi?"

"Nawa ne."

"Me ya sa?"

Ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Ina jin raina ne bai gama sauka ba. Masarar nan ta ba ni wahala."

Shi ke nan, na samu abin da nake nema. Ga laifi na gani da idona, ga mai laifi ya faɗi dalili da bakinsa. Washegari bayan sallar asuba na kira shi na yanke hukunci: daga wannan girbin mun raba gandu. Zan auna masa gefensa, ya noma abinsa, ya gina rumbunsa, ya ji da iyalinsa. Na ce ba zan haɗa fartanya da mutumin da zai kunyata ni a gaban manya ba. Yana da mata da 'ya'ya biyar ƙanana, babu ko ɗaya da ya isa riƙe garma. Na san haka sarai, amma a lokacin gani nake tarbiyya nake yi.

Bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "To, Yaya."

Muka yi girbi kowa a gefensa. Shanu ba su zo ba. Na ji labarin maƙwabcinmu ya kai su wata gona can wajen Kuyello. Ƙanina kuma ya soma wasu halaye da suka ƙara tabbatar mini da zargina. Ya daina cin abinci tare da mu a zaure. A masallaci ya koma sahun ƙarshe, can jikin bango. Kullum hannunsa na hagu na cikin aljihu, ko a gaban wa yake. Na ce a raina, to, girman kan ya fito fili.

Kwana talatin da takwas ana haka. A rana ta talatin da tara, da hantsi, matarsa ta yi sallama a ƙofar sashena. Mace ce mai kunya, shekara goma sha biyu a gidan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ta durƙusa daga nesa.

"Yaya, don girman Allah ka zo ka ga wani abu. Amma kada ka yi magana, kada ka yi gyaran murya."

"Ni za ki kai leƙe?"

"Eh, Yaya. Leƙen nake so ka yi."

Ban san abin da ya sa na bi ta ba. Ta kai ni bayan dangar da ta raba sashenmu da nasu, inda zana ta ɗan yage. Na sa ido, ni dattijo da gemuna.

Ƙanina na zaune shi kaɗai a kan turmi a kife, yana ɓare masara. Ga tuli a gefe, ga kwando a gabansa. Hannun dama ya ɗauki masara ya jefa a kwando. Hannun hagu ya shiga kwandon, ya ɗauko ta, ya mayar kan tuli. Dama ya sake jefawa, hagu ya sake fiddawa. Sau huɗu na ƙirga. A na biyar sai ƙanina ya kama hagun, ya ɗora shi a kan gwiwarsa, ya riƙa shafa shi kamar mai lallashin jaki.

"Haba bawan Allah," ya ce da shi a hankali. "Me na yi maka? Ka raba ni da yayana, ka raba ni da maƙwabcina, yanzu masarar ma ba za ka bar ni in ɓare ba?"

Daga nan ya ɗaga cinyarsa ya zauna a kan hannun, ya ci gaba da aiki da hannu ɗaya da haƙori.

Babu kowa a tsakar gidan sai kaji. Mutum ba ya yi wa kaji wasan kwaikwayo. Na ja da baya daga jikin zanar.

A can gefe matarsa ta ba ni sauran labarin da murya ƙasa-ƙasa. In ya ɓalla maɓallin riga da dama, hagu ya bi ya ɓalle. In ya sa hula, hagu ya cire, shi ya sa yake tsayawa jikin bango a masallaci, don ya danne hannun. In an zuba tuwo, hagun ne ke riga daman shiga kwano, shi ya sa ya daina ci a cikin mutane. Danginta sun ce iska ce, an yi hayaƙi, an sha rubutu, babu canji.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Tun faɗuwar nan da ya yi a gona."

Na san faɗuwar. Kwana goma kafin zaman sulhu ya yanke jiki ya faɗi a bakin kunyar masara, ya tashi da kansa. Ya yi kwana uku yana jan ƙafar hagu, ba ya son magana. Ni da kaina na ce rana ce ta buge shi, a ba shi jiƙo ya huta. Da ƙafar ta saki, muka manta.

"Me ya hana ku faɗa mini?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, kai in ka riga ka gama magana, ta ina ake shiga?"

Washegari na ɗauke shi muka tafi asibiti.

A asibitin garinmu aka auna jininsa, aka ce ya hau sosai, aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a Zariya. A wancan lokacin hanyar Kaduna sai da shiri da addu'a, don haka muka bi ta Funtuwa. A cikin mota ni na zauna ta hagunsa. Muna tafe hannun ya lallaɓo ya kama gefen rigata ya riƙe gam. Ƙanina ya ce, "Yi haƙuri, Yaya, ba ni ba ne." Na ce ya bar shi. Haka ya riƙe ni har muka shiga gari.

Likitar da ta duba shi mace ce, ba ta kai ƙanwata ta uku a shekaru ba, amma ta burge ni domin tana aiki bi da bi. Ta fara da tambayoyi. Ta sa aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Da muka dawo da sakamakon, sai ta zaunar da shi, ta ɗaure masa idanu da ƙyalle, ta ce da ni, "Baba, matso ka gani."

Ta sa masa makulli a hannun dama. "Mene ne wannan?"

"Makulli."

Ta karɓe, ta sa masa cokali a hannun hagu. Yatsun suka shafa shi daga kai har gindi, suka juya shi suka riƙe daidai yadda ake riƙe cokali.

"Wannan fa?"

"Kamar… dutse ne. A'a, biro ne."

"Ka tabbata?"

"Biro ne."

Na buɗe baki zan gyara masa, ta ɗaga mini yatsa. Ta karɓi cokalin ta haɗa shi da makullin da biro da carbi da murfin kwalba a cikin wani faranti, ta ce ya lalubo da hagu abin da ta ba shi ɗazu. Hannun ya shiga, ya taɓa biro ya wuce, ya taɓa carbi ya wuce, ya ɗauko cokali ya ɗaga sama. Idonsa a ɗaure.

Ni karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma ta yi mini bayanin da na gane, kuma zan faɗe shi yadda na riƙe. Ƙwaƙwalwar mutum ɓari biyu ce. Ɓarin hagu shi ke juya hannun dama, kuma a wurin yawancin mutane shi ke da magana. Ɓarin dama shi ke juya hannun hagu. Yana gani, yana ganewa, yana da abin da yake so, amma ba shi da baki. Tsakaninsu akwai wata gada ta jijiyoyi masu yawan gaske, ta nan suke aika wa juna saƙo dare da rana, shi ya sa mutum yake jin kansa mutum ɗaya. Ranar da ƙanina ya faɗi, hawan jini ne ya toshe wata jijiyar jini, wani sashe na gadar ya lalace. Ta nuna mini wurin a hoton, wani ɗan tabo da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Hannun hagu ya san cokali ne. Labarin ne bai ƙetara zuwa ɓarin da ke magana ba.

Ta ce likitoci sun fahimci wannan ne daga wasu masu farfaɗiya mai tsanani a ƙasashen waje, waɗanda aka yanke musu gadar da gangan don ciwon ya daina yaɗuwa daga wannan ɓari zuwa wancan. Sun samu sauƙi, suna harkokinsu kamar kowa. Amma da masu bincike suka riƙa nuna musu hoto ta gefen hagu kaɗai, sai mutum ya ce bai ga komai ba, alhali hannunsa na hagu na nuna abin da aka nuna masa.

Na ce, "To likita, in bai sani ba, me ya sa bai ce bai sani ba? Me ya kawo biro?"

Ta yi murmushi. "Baba, ka yi tambayar da ta fi kowace. Ɓarin da ke magana ba ya son ya ce bai sani ba. In ya ga jiki ya yi abu, sai ya nemo dalilin da ya yi kama da gaskiya ya faɗa, kuma shi kansa ya yarda. Ba ƙarya yake yi ba. Cike gurbi yake yi."

Nan take gindin mangwaron nan ya faɗo mini a rai. Na juya na dubi ƙanina, an riga an kwance masa ido.

"Ranar nan da ka ce ranka bai sauka ba…"

"Yaya, ka tsare ni da ido ka ce me ya sa. Na duba cikina ban ga komai ba. Sai na ce tunda hannuna ne, ai dole akwai abin da ke raina. Kwana nawa ina istigfari a kan ƙiyayyar da na kasa ganowa."

Likita ta rubuta maganin hawan jini, ta ce ba a fasa shi ko rana ɗaya. Ta ce a riƙa ba hannun abin riƙewa, domin in yana da aiki ba ya shiga aikin wani. Ta ce sau da yawa abin yakan lafa da kansa a hankali, amma ba ta yi mana alkawari ba.

Mun dawo ranar Asabar. Ranar Lahadi da safe na tara mutanen gida, manya da mata, na ce maganar raba gandu na janye ta, kuma ni ne na yi kuskure. Ban iya doguwar ba da haƙuri ba, iyakar abin da na faɗa ke nan. Matar ƙanina ta ce daga bayan ƙofa, "Yaya, ƙarfe nawa ne? A riƙe mana lokacin." Gida ya kwashe da dariya. Na bar su suka yi, don suna bina bashinta.

Ranar Litinin muka hau babur zuwa ruga. Maƙwabcinmu ya karɓe mu ba yabo ba fallasa, ya shimfiɗa mana buzu. Na soma bayani tun daga faɗuwar gona, na bi ta kwando, na zo kan cokali, har da gadar. Ya saurara bai katse ni ba. Ban san ko ya yarda da maganar gada ba. Abin da na sani, muna cikin haka aka kawo ƙwaryar nono, ƙanina ya kai hannun dama zai karɓa, hagu ya taso ya ture ƙwaryar, nono ya zube masa a riga.

Mutumin ya dubi rigar, ya dubi fuskar ƙanina. Sai ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki.

"Kai! Ashe ba ni kaɗai yake yi wa ba. Wanda ya hana ubangidansa nono, ni wa?" Ya goge ido. "Ina da wata saniya haka, in ana tatsa sai ta sa ƙafa ta kifar da ƙwarya. Ba a sayar da ita don haka, ɗaure ƙafar ake yi."

Ya matso. Bai jira an miƙo masa ba. Ya sa hannunsa ya fara kama hagun ƙanina ya riƙe shi tamau, sannan ya miƙa dama suka gaisa.

"Na riƙe mai faɗan," in ji shi. "Yanzu mu gaisa da mai gida."

Shanu ba su dawo a wannan rani ba, don ya riga ya yi wa mai gonar Kuyello alkawari, kuma shi ba ya saɓawa. Daminar da ta biyo masararmu ta yi ƙanana, kowa a gidan ya ji a tuwonsa. Wannan hukuncina ne ya jawo, ba hannun ƙanina ba. Da na bi mutumin a washegarin sulhu maimakon in zauna ina raba gona, da wataƙila an gyara. Rani na gaba suka dawo.

Hannun ya yi kusan shekara kafin ya natsu. Yau ƙanina na noma da hannu biyu, sai dai in ya gaji sosai yakan ji shi yana motsi, sai ya ba shi carbi. Yana cin abinci tare da mu. Ya koma sahun gaba.

Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne maganar cike gurbi. Ƙanina yana da uzuri, gadarsa ta lalace. Ni tawa lafiya lau take, amma na ga abu na daƙiƙa biyu, na gina masa dalili tun daga tushe har rufi, na zauna a ciki kwana talatin da takwas. Amsar kuwa tana bayan zana, taku goma daga inda nake kwana, a bakin matar da ban taɓa tambaya ba. Har yanzu ni mai zafi ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya canza kawai, in na tambayi mutum me ya sa ya yi abu, ya ce bai sani ba, nakan karɓi wannan a matsayin amsa.

Ga roƙona gare ka, kai da ka karanta har nan. Idan wani naka ya faɗi ya tashi, ko ƙafarsa ta yi nauyi, ko bakinsa ya karkace, ko halinsa ya sauya dare ɗaya, kada ka ce rana ce, kada ka ce raini ne. Ka ɗauke shi a ranar ka kai shi asibiti. In kuma akwai wanda ka riga ka yanke wa hukunci a gidanku ba ka ji ta bakin masu kwana da shi ba, ka ajiye wayar nan, ka tashi ka je ka tambaye su yau.